Saura Mako 6 Aurena, Wane Aski Ne Zai Dace Da Faffaɗar Fuskata?

Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Gusau, kuma saura mako 6 a ɗaura mini aure. Fuskata mai kusurwa huɗu ce, goshina da muƙamuƙina kusan faɗinsu ɗaya, shi ya sa tun muna makaranta abokai suke kirana Bulo. Da ban damu ba. Makon jiya na je aski, mai askin ya kwashe gefe da gefe tas, ya bar saman a baje, sannan ya ci mini gaban goshi da reza ya fitar da kusurwa biyu masu kaifi. Da na tura wa wadda zan aura hoto sai ta yi shiru, can ta ce na da ya fi. Mahaifina kuma ya ce kada in sake shigo masa gida da kai an aske wani wuri an bar wani. Ina da ɗan gemu da saje, kuma kusan kullum da hula nake fita. Wane aski zan yi da zai rage mini faɗin fuskar nan, kuma bai saɓa wa Baba ba?

Ƙaninka daga Gusau

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya nuna mana ranar lafiya. Tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarka na ga askin da aka yi maka kamar kana zaune a gabana, domin irinsa na sha gyarawa. Na haura shekara 20 ina riƙe da injin aski, kafin nan kuma ni nake ɗaukar wa mahaifina zabira idan zai fita wanzanci. Abin da zan faɗa maka daga bakin kujerar aski na samo shi.

Bari in fara cire maka wani abu daga rai. Babu askin da zai rage maka faɗin muƙamuƙi. Ƙashi ne da tsokar tauna, haka Allah ya ƙera ka, kuma duk wanda ya zo maka da man shafawa da sunan zai sirantar maka da fuska, kuɗinka yake so. Ni ban ma ga dalilin da za ka so rage shi ba. Cikin masu zama a kujerata, waɗanda suka fi cin lokacina su ne masu gajeriyar haɓa da waɗanda kumatu ya shanye musu layin muƙamuƙi. Su nake zama ina zana musu da gemu abin da kai aka haife ka da shi. Kuskuren da aka yi maka a fili yake. Fuskarka tana da kusurwa biyu a ƙasa, sai mai askin ya ƙara mata wasu biyu a goshi, ya shimfiɗe saman kai kamar tebur, ya miƙar da gefe kamar bango. Duk inda ido ya duba sai ya ci karo da kaifi. Wannan ne amaryarka ta gani ta yi shiru. Fuskar kuwa da ita ta san ka, da ita kuma ta ce ta amince.

Kafin ka koma shago, ka tabbatar da siffar fuskar tukuna, domin mutane da yawa suna rikita mai kusurwa huɗu da zagayayya, tunda dukansu tsawonsu da faɗinsu sun yi kusa. Ari tef ɗin awo na tela ka tsaya gaban madubi. Ka auna daga inda gashi ya fara a goshi zuwa ƙarshen haɓa, sannan daga ƙashin kunci zuwa ɗaya ƙashin kuncin, tef ɗin a miƙe ba tare da ka lanƙwasa shi a kan hanci ba. Idan awon biyu sun kusa zuwa ɗaya, kuma goshi da kunci da muƙamuƙi ba wanda ya fi wani faɗi sosai, sai ka sa yatsa a ƙasan kunne ka bi ƙashin. In ka ji ya sauko ya karya kwana sarai kafin ya nufi haɓa, to maganarka gaskiya ce. Kada ka yi wannan hukunci da hoton da ka ɗauki kanka da waya a hannu. Wani bincike da likitoci suka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka gwada shi da wanda aka ɗauka daga mita 1 da rabi. Kyamara ta kusa tana murɗe fuska. Ka ba wani wayar ya ja da baya ya ɗauke ka, ta gaba da ta gefe.

Ga abin da nake bi idan mai irin fuskarka ya zauna. Muƙamuƙin nan shi kaɗai nake bari ya zama layi mai kaifi, duk sauran kan sai in tausasa shi, in ba shi ɗan tsayi a sama. Gefe kuma a nan ake yawan yin ɓarna ta fuska biyu. In aka bar suma ta yi tudu a saman kunnuwa, kai gaba ɗaya ya ƙara faɗi. In kuma aka kwashe gefen har fata, aka hau da shi can sama, sai kan ya tsuke daga kunne zuwa sama, muƙamuƙi ya zama shi ne wuri mafi faɗi, ya fito fiye da yadda yake. Samari da yawa suna ɗauka kwashe gefe tas yana rage faɗin fuska. Ga mai zagayayyar fuska yana iya taimakawa, amma kai ƙara maka yake yi.

Ka san lambobin robar da ake saƙala wa bakin inji, domin da su za ka yi magana da mai aski ya fahimce ka. A injinan Wahl da masu bin tsarinsu, lamba 1 tana barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Akwai ta rabi da ta 1 da rabi a tsakani. Wasu kamfanonin sukan ɗan bambanta, amma yawanci an rubuta milimitar a jikin robar. Ka kuma sani cewa lamba ɗaya tana ba da aski iri biyu: idan aka bi kwanciyar gashi tana barin sa da duhu da kauri, idan aka saɓa wa kwanciyarsa sai ya fi gajarta, fatar kai ta fara leƙowa. Gashinmu mai murɗewa ne, ko da yaushe yana nuna kamar bai kai tsawonsa ba.

Askin da nake ba ka shawara saisaye ne mai sauka a hankali. Lamba 4 ko 3 a sama, ana bin kwanciyar gashi. Lamba 2 a gefe. Sai daidai bakin kunne da ƙarshen ƙeya a ɗan rage zuwa 1 da rabi, faɗin yatsa biyu kawai, kada a hau sama da haka, kada kuma fata ta fito ko'ina. Amma duk wannan lissafi ba shi ne askin ba. Askin yana wurin da saman kai ya karyo ya zama gefe, kamar faɗin tafin hannu sama da kunne. Ɗora hannunka ka ji wurin. Mai faffaɗan muƙamuƙi sau da yawa nan ma ƙashinsa a fili yake. Gaggawar mai aski takan sa ya hau da inji a miƙe ya tsaya, ya zo ta sama a kwance ya tsaya, inda suka haɗu sai kwana ta fito. Gwani kuwa yakan cire robar, ya ɗauki matsefi, ya riƙa shafar wurin da bakin inji kaɗan-kaɗan, yana ja da baya yana duba madubi, har kwanar ta narke kan ya zagaye kamar bayan ƙwarya. Aikin minti 5 ne ko 6, amma shi ne ya raba askin da zai yi maka kyau da wanda ka samu makon jiya. In ka ga mai aski bai taɓa ja da baya ya kalle ka daga nesa ba, bai duba siffar kanka ba ke nan, gashi kawai yake ragewa.

Maganar Baba kuma tana da tushe, kada ka ɗauke ta rigimar tsofaffi. Hadisin Abdullahi ɗan Umar yana cikin Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kai a bar wani. A ruwayar Abu Dawud kuma, da ya ga yaron da aka yi wa haka sai ya ce a aske shi duka ko a bar shi duka. Askin da aka yi maka, gefe fata sama suma, ba ka da bakin kare shi a gaban mahaifinka. Wanda na tsara maka babu inda aka aske, ragewa ce kawai, kuma bambancin sama da gefe bai wuce 'yan milimita ba. Malamai sun yi magana a kan bambancin askewa da ragewa, sai dai wannan hukunci ba na wanzami ba ne. Ka kai maganar gaban malamin da kai da Baba kuka yarda da shi. In har ransa bai kwanta ba, kada ka ja. Ka sa a bi maka kan duka da lamba 2 ko 3 bai ɗaya. Mai doguwar fuska ko mai ƙaramar haɓa zai iya rasa wani abu da wannan aski, kai ba abin da za ka rasa, domin ƙashin fuskarka ya isa ya riƙe shi. Ba a shiga sabon gida da fushin mahaifi saboda milimita 4 na gashi.

Bayan biki, idan ka so tara suma, ƙaramin afuro na santimita 2 zuwa 3 zai karɓe ka, muddin an zagaye shi, tsakiyar ta ɗan fi gefe tudu. Wanda za ka guje wa shi ne mai shimfiɗaɗɗen sama da aka yi yayi a Amurka a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, wanda ya dawo hannun samari yanzu. An yi shi ne don ya fitar da kwana, kai kuwa kana da isasshiya. Molo ma yana yi wa irinku kyau, musamman da gemu, in dai ƙeyar ba ta da tudu da kwari. Ranar da Allah ya kai ka Umra ka aske shi tas za ka gani.

Yanzu gaban goshi. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a shagunan yau nan ne aka fi cutar mutane. Mai aski yana son layi ya fita fes kamar an ja da rula, domin shi ne abin da ake gani a hoto. Gashin gaban goshi kuwa ba a jere yake tsirowa ba, akwai ƙanana marasa kauri a gaba. Maimakon ya bi su, sai ya shige ciki inda gashi ya yi duhu ya ja layinsa a can. Yau milimita 2, mako mai zuwa wasu 2, kafin wata 3 goshinka ya ƙara faɗi da tsawo, kuma duk bayan kwana 3 sai wata baƙar inuwa ta fito a gaban layin, wadda za ta sa ka koma a sake ci. Na ga samarin da suka zo suna kukan sanƙo ya kama su, da na duba sai na tarar reza ce ta kore musu goshi. A fuska irin taka abin ya fi muni, domin faɗin goshi da kaifin kwanarsa su ne suke amsa wa muƙamuƙi su rufe akwatin.

Saboda haka daga yau har mako 3, kada reza ko bakin inji ya taɓa maka gaban goshi. Zai yi ɗan buzu-buzu, ka daure, hula za ta rufa maka asiri a makaranta. Gashin kai yana tsirowa kusan santimita 1 a wata, mako 3 sun isa asalin layinka ya dawo ya nuna kansa. Sa'ad da za a yi gyaran fuska, a bi wannan layin na asali, a share 'yan tsirarun da suka fita daga sahu kawai. Kwanar da ke saman gira ta kowane gefe kuma a ɗan lanƙwasa ta, kada a fitar da ita tsaf kamar kusurwar littafi. Layin da ya sauko daga nan zuwa saje a yi shi da ɗan lanƙwasa irin ta jinjirin wata. Wannan 'yar lanƙwasa, da ba ta kai faɗin farce ba, tana sauya fuska fiye da duk abin da za a yi a tsakar ka.

Ka ce kusan kullum da hula kake fita, kuma ranar ɗaurin aure ma da ita za a gan ka. Wannan ne abin da hotunan askin da kuke gani a intanet ba za su gaya maka ba, domin masu su ba sa sa hula. Da zarar ka ɗora ta, duk aikin da aka yi a saman kai ya ɓuya, hular ce ta zama askinka. Abin da ya rage a waje shi ne gefen kunne, saje, gemu da ƙeya. Don haka dokar da na faɗa a kan suma ita ce a kan hula: tsayi da taushi. Gajeriyar hula mai shimfiɗaɗɗen sama, wadda aka danna har kusa da gira, tana yanke tsawon fuska ta bar faɗin, sai ka fito a murabba'i sosai. Zanna Bukar, wadda ake danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima na Barno, in ta samu tsayi mai kyau tana ƙara maka abin da kake nema. Hula mai taushi da ake karyawa gefe ta fi kowacce tausasa irin fuskarka, domin karin nan yana karya miƙaƙƙen layi. Dara kuwa, da yake a sandare take kuma samanta a shafe, sai ka gwada ta a madubi da kyau kafin ka saya.

Yadda za ka ɗora ta ma magana ce. Ka bar kamar faɗin yatsa biyu ko uku na goshi a waje, ka ɗan karkata ta kaɗan, ba karkatar 'yan gayu ba, daidai yadda gefe ɗaya zai ɗan fi ɗaya sauka. Ka gaya wa mai wankin hula ya ɗora ta a gungumen da zai tsayar da tsayinta, kada ya danne saman. Kuma kada ka sayi hular angonci sai bayan askin gwaji. Lambar hula, 22 ko 22 da rabi ko 23, awon zagayen kai ne da inci, kuma suma tana iya sauya maka rabin lamba. Na ga angon da ya sayi hula mai tsada da suma a kansa, aka yi masa aski ana gobe biki, ranar ɗaurin aure ta riƙa zamowa tana rufe masa gira, ya wuni yana tura ta baya.

Gemunka shi ne babban makamin da kake da shi, tunda shi ne a kan muƙamuƙin kansa. Inda kasumba ta yi kauri a kan kwanar ƙashin nan ta ƙasan kunne, faɗi take ƙarawa. Inda gemu ya sauka a haɓa, tsawo yake ƙarawa. To ka ga hanya: gefe a kwance, haɓa ta fi tsawo, ƙarshenta a zagaye ko da ɗan tsini kaɗan. Kada ka yarda a yanke maka ƙasan gemu a miƙe kamar bakin shebur, wannan na masu doguwar fuska ne. Siririn layin gemu da ake zanawa ya bi gefen muƙamuƙi shi ma ka bar shi, ja wa ƙashin layi yake yi a ƙasa. Idan kana cikin masu barin gemu ba sa taɓa shi saboda sunna, ba ka rasa dabara ba. Bayan alwala, yana da danshi, ka shafa ɗan man zaitun ko man kaɗanya, ka taje gefen ƙasa da gaba zuwa haɓa maimakon ka buɗe shi waje. Cikin mako 2 zai koyi kwanciya. Saje kuma a haɗe shi da suman gefe ba tare da wani tsani ba, kaurinsu ɗaya a daidai kunne, domin da hula a kanka wannan mahaɗar ita ce farkon abin da mai kallonka ta gefe zai gani. Layin kunci a bar shi inda Allah ya tsirar da shi. Na wuya kuma, ga mai gyarawa, ya tsaya yatsa biyu sama da zakaran wuya. In aka hau da shi har kan ƙashin, sai muƙamuƙin ya yi kamar an ɗora shi a faranti.

Akwai abin da ya fi mummunan aski ɓata hoton ango, shi ne ƙuraje. Gashinmu da yake a murɗe yake, idan aka aske shi ƙasa da fata yakan lanƙwaso ya soki fatar ya koma ciki, wurin ya kumbura. A wuya da ƙeya aka fi samun haka. Maganinsa na farko kada a matse aski: a bar ko da milimita 1, a bi kwanciyar gashi, kada a ja fata a miƙe ana bi da reza, kada a maimaita wuri ɗaya sau uku. Ƙeya ta fi bukatar kulawa, domin ga reza, ga wuyan shadda mai sitaci yana goga, ga bakin hula. Ƙananan ƙuraje masu tauri da suke fitowa a nan, in aka yi sakaci, sukan haɗe su zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa. Idan ka shafa ƙeyarka ka ji irinsu, ka dakatar da reza a wurin ka ga likitan fata tun suna ƙanana, kada ka bari a zuba maka wani abu mai zafi a shago da sunan magani. Ƙarshen ƙeyar ma a bar shi ya sauka a hankali ya ɓace, ba a yanke shi da layi mai kusurwa ba, saboda faffaɗan wuya da yawanci ke tafiya da irin muƙamuƙinka.

Baƙin rinin da ake shafa wa gemu da gaban goshi don layi ya fito, ka yi hattara da shi. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda yake kumbura wa wasu fuska da fatar kai, kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. In ba ka taɓa shafawa ba, satin biki ba lokacin gwaji ba ne. In ka nace, ka ɗiga kaɗan a bayan kunne ka jira awa 48, tun yanzu da sauran lokaci.

Ga yadda za ka raba mako 6 ɗin nan. Ukun farko ka bar kan ya huta, sai dai a rage saman nan da aka baje a zagaye shi, don ya daina nisa da gefe, Baba ma ya ga ka ji maganarsa tun yau. Ƙarshen mako na 3 ka yi askin gwaji cikakke, yadda na tsara, a ɗauke ka hoto da hula da kuma babu hula, ka nuna wa Baba, ka tura wa amarya. In akwai gyara, akwai sauran lokaci. Askin biki kuma a yi shi saura kwana 3 ko 4, wurin mutumin da ya yi na gwajin. Aski yana kwanciya ne bayan kwana biyu, jan fata ya baje, layi ya daina ƙyalli. Wanda aka yi da safiyar ɗaurin aure, in an yi kuskure, sai dai a shiga hoto da shi. Idan bikin ya faɗo cikin hunturu ka riƙa shafa ɗan mai a kai da gemu kowane dare, don kada fari ya fito maka a kan baƙar suma.

Ka je shagon ranar da ba cunkoso, ba yammacin Alhamis ko safiyar Juma'a ba, lokacin da layi ya cika mai aski yana sauri. Kafin ya kunna inji ka ce masa: "Maigida, saisaye nake so. Uku a sama, biyu a gefe, kada fata ta fito. Ka zagaye mini nan," ka ɗora hannu a wurin, "goshi kuma ka bi layina, kada ka shiga ciki, kwanar ka lanƙwasa ta." Mai askin kirki zai ji daɗin wannan bayani, domin abin da ya fi ba mu wahala shi ne mutum ya zauna ya ce a yi masa mai kyau. In za ka nuna hoto, ka nemo na mai irin gashinka da irin fuskarka. Ka kuma tafi da injinka in kana da hali, ko aƙalla ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe kwana 7 ko fiye, kuma ɗan hura wutar laita a bakin inji na daƙiƙa biyu ba wanki ba ne. Mai shirin shiga ɗakin amarya ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Sunan Bulo kuwa, na san ya daɗe yana ci maka rai ko da ka ce da ba ka damu ba, in ba haka ba da ba ka kawo shi a layi na uku na wasiƙarka ba. Yaran da suka laƙaba maka shi sun ga fuskar yaro ce da ƙashin babba. Yanzu shekaru sun cike ta, gemu ya zo, babbar riga za ta hau kafaɗa. Amaryarka ta riga ta ba ka amsa da ta ce na da ya fi. Ka tambaye ta wane hoto take nufi, ta turo maka shi, ka tafi da shi wurin askin gwaji ka ajiye a gaban madubi. In an gama, kafin a cire maka mayafin aski, ka karɓi ƙaramin madubi ka duba ƙeya da gefe biyu, sannan ka ɗora hular ka sake dubawa.